Medicare da inshorar wurin aiki: wa ke fara biya?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, na kusa cika shekara 65 kuma har yanzu ina aiki. Kamfaninmu yana ba mu inshorar lafiya. Idan na shiga Medicare, inshorar gwamnati, ta kamfanin za ta faɗi ne?

Amsa: Alhaji, ba za ta faɗi ba. Kana iya riƙe duka biyun, sai dai doka ce ta tsara wanda zai fara biya. Kafin komai, je ofishinku ka tambayi yawan ma'aikatan kamfanin, domin a nan maganar take.

In sun kai 20 ko sun fi, inshorar kamfani ce a gaba. Asibiti zai fara tura mata takardar kuɗi, abin da ya rage sai a miƙa wa Medicare. Kada ka sa ran zai share ragowar duka. Abin da tsarinsa ya amince da shi kawai yake dubawa, kuma ba ya wuce abin da zai biya da shi ne a gaba. Haka abin yake ko da ta wurin aikin maiɗakinka ka samu inshorar.

In ba su kai 20 ba, Medicare ne a gaba, kuma nan ne mutanenmu ke shiga uku. Wanda bai yi rajistar Part B ba, wato sashen ganin likita, inshorar kamfani na iya biyan rabonta kaɗai, ta bar masa kason Medicare a wuyansa. Shawarata a nan ɗaya ce: ka yi rajista da zarar lokacinka ya yi.

Part A, na kwanciya asibiti, ba a biyan masa kuɗin wata in ka yi shekara 10 kana biyan harajin Medicare. Part B kuwa dala 185 ne a wata ga yawancin mutane a 2025, shi ya sa ma'aikacin babban kamfani kan jinkirta shi, kuma doka ta yarda. Amma daga barin aiki ko yankewar inshorar, duk wanda ya riga, wata 8 gare ka na yin rajistar Part B. COBRA, wato ci gaba da inshorar kamfani na ɗan lokaci bayan barin aiki, da inshorar ritaya ba sa tsayar da wannan lissafi. In ka makara, ana ƙara maka kashi 10 cikin ɗari na kuɗin watan a kan kowace cikakkiyar shekarar jinkiri, kuma za ka yi ta biya muddin kana da Part B.

In kana zuba kuɗi a asusun HSA, wato asusun ajiyar kuɗin kula da lafiya, dole ka daina da zarar ka shiga Medicare, ko da Part A ne kaɗai.