Magani ɗaya ne, ƙunshin ne ya bambanta

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun ƙanen naki. Kin tambaya ko AmBisome da likita ya rubuta masa saboda sanƙarau na fangas (ƙwayar cuta dangin fumfuna) ɗaya ne da amfoterisin B mai arha da aka ce za a samo miki. Na daɗe ina aikin haɗa magunguna a nan Gusau, duka biyun sun bi ta hannuna.

Sinadarin ciki ɗaya ne. Tsohon, wato mai arhar, tsirara yake shiga jini, shi ya sa za ki ga an fara ƙarin ruwan majinyaci ya ɗau rawar ɗari har gado na motsi, zazzaɓi ya rufe shi, bayan kwanaki ƙoda ta fara gazawa. AmBisome kuwa an naɗe shi cikin 'yan ƙwanƙolayen kitse da ake kira laifosom, ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, faɗinsu bai kai nanomita 100 ba, kitsen kuma irin wanda ya lulluɓe ƙwayoyin jikinmu ne. Wani Bature ɗan Ingila, Alec Bangham, ya gano su a shekarun 1960. Maganin na maƙale a jikin ƙunshin har sai ya tarar da fangas, sannan ya sauka a kanta. Kaɗan ne ke isa ƙoda.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne awo. Tsohon ba a cika wuce miligiram 1 a kowane kilo na nauyin mutum ba. Na ƙunshin kuwa, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da miligiram 10 a kilo, sau ɗaya, haɗe da wasu magungunan sha biyu, ga masu wannan sanƙarau cikin masu ɗauke da HIV. In aka ɗura tsohon da awon sabon, wallahi rai na iya salwanta. Kada ki bari a musanya sai likitan ya sake lissafi da hannunsa.

A ruwan sukari ake ɗura AmBisome, ban da ruwan gishiri. Kuma ba ya son zafin da ya haura digiri 25. Na taɓa karɓar kwalabe daga hannun wani dattijo da ya yini da su a but ɗin mota cikin watan Afrilu, bayan ya sayar da bijimi ya saye su. Ban iya kallon idonsa ba da na ce sai mun nemo wasu. In za ki saya, tafi da kula da ƙanƙara, ki kuma tambayi mai kemis inda yake ajiye su in an ɗauke wuta.