Antibairos Uku a Laftof Ɗaya: Wanne Zan Bari, Wanne Zan Cire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, a Ƙofar Ƙaura nake zaune. Yayana ya saya mini laftof ta gwanjo don rubuta furojet. Yaron shagon ya saka mini Avast da Smadav, ga kuma McAfee da na tarar a ciki. Yanzu in na kunna ta, sai in yi alwala in idar da sallah ba ta gama buɗewa ba. Fankarta sai kuka take, wani lokacin allon ya koma shuɗi ta mutu. An ce in ƙara da Kaspersky. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Riƙe kuɗinki tukuna. Ciwon laftof ɗinki yawan magani ne ya kawo shi.

Antibairos mai gadi ne da ke zaune a can cikin Windows, inda duk fayil ke bi kafin ya buɗe. Kin danna takardar furojet, sai ya tare ta, ya caje ta, sannan ya sake ta. To, ki ɗauka kin ajiye masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, ba wanda ya san da zaman wani. Na farko ya riƙe takardar, na biyu ya zo ya tarar an riƙe, shi ma ya ce sai ya duba. Taɓawar da na biyu ya yi kuma, a idon na farko wani sabon motsi ne da ya kamata a bincika. Haka za su yi ta yi, ke kuma kina zaune kina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa.

Abin bai tsaya nan ba. Kowane antibairos yana ɗauke da kundin alamomin bairos, yana kuma da wani ɗaki da yake kulle abin da ya kama. Ɗan'uwansa na iya leƙa ɗakin ya ga ɓarawo, ya ce shi ma sai ya kama. Idan rigimar ta kai can ƙasa inda suke manne da Windows, shuɗin allon da kike gani ke nan. Laftof ta gwanjo mai ram (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 4 da tsohon faifan ajiya ba ta da ƙarfin raba wannan faɗa.

Na taɓa karɓar laftof ta wani maƙwabcina a Sabuwar Unguwa, wadda har an yanke masa kuɗin sabon faifai. Gumaka huɗu na masu gadi na tarar jere kusa da agogo, biyu lasisinsu ya ƙare tun bara. Muka cire su kafin shayinmu ya huce, ta tashi garau. Ban cika ganin laifin yaran shago ba. Mai saye ne ke jin an cuce shi in bai ga an cika masa kwamfuta da manhajoji ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Windows 10 da 11 da nasu mai gadin suke zuwa, Microsoft Defender, kyauta. Yana da kawaici: da ya ga an saka wani, sai ya ja gefe, in an cire ya dawo bakin aiki da kansa. Ni a wurinki, McAfee da Avast duk zan cire, in bar Defender. Ki fara da McAfee, don galibi na gwaji ne da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, kuma ƙila ya daɗe da ƙarewa. Cirewar da aka saba takan bar saura, shi ya sa kamfanin ya yi wata 'yar manhaja mai suna MCPR don share ragowar. Avast ma yana da tasa, Avast Clear. Daga shafinsu kaɗai za ki sauko da su. Ki cire ɗaya, ki kashe ki kunna, sannan ki cire na biyu. Kafin duk wannan, ki kwafe furojet ɗinki a wani wuri.

Ki kuma duba wace Windows ce a kai. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Tambaya: Malam, shagon buga takardu gare ni a Daura, kusa da tasha. Filashin mutane nake karɓa daga safe har dare. Smadav ma in cire?

Amsa: A'a, Alhaji, bar shi. Smadav, wanda 'yan Indunisiya suka ƙirƙira, tun asali mataimaki aka yi shi, ya zauna tare da babban antibairos, kuma ƙarfinsa a kan filashi yake, musamman bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gumakan bogi. Sai dai kar ka dogara da shi kaɗai. Ka bar shi da Defender, ka riƙa sa wa kwamfutar data ko sau biyu a mako don su sabunta.

Tambaya: Ina da Avast, zan ƙara AVG don in wannan ya kuskure wancan ya kama. Kuma wani ya ce zai sayar mini da lasisi na har abada a kan kuɗi kaɗan.

Amsa: Ɗan'uwa, Avast ya saye AVG tun 2016, injin bincikensu ɗaya ne, don haka abin da ya wuce wannan zai wuce wancan. In ido na biyu kake so, ka sauko da Malwarebytes na kyauta, wanda ba ya gadi sai ka kira shi ya yi bincike. Yakan fara da gwajin 'yan kwanaki na cikakken gadi. Ka kashe gwajin a cikin saitinsa.

Lasisin har abada kuwa, manyan kamfanonin nan kuɗin shekara suke karɓa. Abin da ake sayarwa da arha sau da yawa fasasshiyar manhaja ce, kuma kafin ta shiga sai an ce ka kashe mai gadin da kake da shi. Kar ka saya.