Amsa: Me ake nema a ƙasan tabkin dutse mai aman wuta?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa masana ke haƙo laka a tabkunan da ke cikin ramin dutse mai aman wuta, maimakon tabkin Tabalak da ke nan jiharmu ta Tahoua. Dalilin shi ne zurfi. Tabkin Barombi Mbo na Kamaru, wanda ke cikin irin wannan rami, zurfinsa ya kai kimanin mita 110, saboda haka lakarsa tana kwanciya hawa-hawa ba tare da wani abu ya dama ta ba. Ana fara auna ƙasan da na'urar amsa-kuwwa, sannan a zura bututu a ciro lakar, a gano shekarunta da kabon 14, wani sinadari da ke raguwa sannu a hankali a cikin ragowar tsirrai da dabbobi. Ƙurar furannin da ke ciki ta nuna cewa dajin yankin ya ragu kimanin shekaru 20,000 da suka wuce. Tabalak kuwa, ruwansa yana ja da baya da rani, shanu su tattake lakar, tarihin ya cakuɗe.