Wane ƙoton roba ne ke kama giwan ruwa?

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce an aiko maka da akwatin ƙoton roba irin wanda kake gani a bidiyon waya, wanda Amurkawa ke kama kifin da suke kira bas da shi. Ga masu siffar kifi, ga masu siffar tana, ga na ƙarfe mai siffar cokali, launi kala-kala. Ka jefa ka jawo har kafaɗa ta gaji, ko cizo ba ka samu ba, yanzu kana so in gaya maka launin da giwan ruwa ke so.

Ajiye zancen launi tukuna, shi ne na ƙarshe a layi. Wurin da ka jefa da zurfin da ƙoton ke bi sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma bari in fara da abin da ya fi damuna a akwatin nan, wato ƙarfen da ke jikin ƙoton.

Shi bas kifin Arewacin Amurka ne, babu shi a Kwara, ko da yake an kai irinsa Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naibasha na Kenya. Halinsu ɗaya da giwan ruwa ta wani fannin: mafarauci ne mai kwanton ɓauna, ya laɓe jikin dutse ko kututture, ƙaramin kifi na giftawa ya wage baki ya zuƙe shi tare da ruwan. Shi ya sa dabarun mutanen can suke ci a nan. Inda suka rabu shi ne girma. Bas mafi girma da aka taɓa rubutawa an kama shi ne a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai, ba a kuma sami wanda ya yi kunnen doki da shi ba sai a 2009 a tafkin Biwa na Japan. Waɗanda kake gani ana ɗagawa a bidiyo yawancinsu kilo ɗaya ne zuwa biyu. A wurinmu kuwa giwan ruwa mai kilo 10 bai gama tasowa ba, kifi ne da ke iya kusantar mita 2 a tsawo da kilo 200 a nauyi. To ƙugiyar da aka ƙera don kifin kilo biyu, me kake tsammani za ta yi a bakin mai kilo 30?

Ɗauko ɗaya daga cikin masu siffar kifin nan ka juya cikinsa sama. Za ka ga ƙugiya mai baki uku tana rataye da ɗan zoben waya. Kama ɗaya daga cikin bakunan da filaya ka ja. In ya buɗe maka ba tare da ka sa ƙarfi ba, cire ta, domin ranar da babban kifi ya ɗauka haka zai miƙar da ita ya bar ka da ƙoto wayam. Sa mai kaurin ƙarfe, ko ma ƙugiya mai baki ɗaya mai ƙwari, ka canja zoben shi ma, don sau da yawa zoben ne ke fara bajewa. Kada dai ka rataya wadda ta yi wa ƙoton nauyi har ya daina rawa a ruwa. Bayan kowane canji ka ja shi a gefen jirgi ka gani da idonka. Tsinin kuma a farcen babban yatsa ake gwada shi. Ka ɗora ka ja a hankali, in ya kama farce ya yi, in ya zame ka goga shi da magagari.

Zare ma haka. Ana rubuta ƙarfinsa da laba a jikin kwali. Masu kamun bas da na laba 10 zuwa 20 suke yawan aiki, kai kuwa kada ka sauka ƙasa da 50 in babba kake nema. Tufkakken zaren nan na zamani siriri ne, ga ƙarfi, ba ya kuma miƙewa, ko taɓa ƙoto kifi ya yi sai ka ji a tafin hannunka. Aibinsa ɗaya, ba ya jure gugar dutse. Don haka ka ƙulla masa zaren roba mai kauri a gaba, tsawon gaba ɗaya, na laba 80 ko 100. Wannan ne zai sha gugar dutse da kaifin marfin kunnen kifin, wanda ke da ƙaya tana yanka. Duk ƙullin da za ka yi, jiƙa shi da miyau kafin ka ja ya tsuke. Busasshen ƙulli yana ƙona kansa, a nan zare ke tsinkewa.

Yanzu mu zo ga ruwa, inda aikin yake. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe tsohuwar Bussa da ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka, amma bai shafe su ba, suna nan a ƙasa. Tsohuwar hanyar kogi tana nan da gaɓarta, ga duwatsu, ga itatuwan da suka bushe a tsaye. Wanda ya kalli tafkin daga sama shimfiɗa ɗaya zai gani, masunci kuwa dole ya riƙe taswirar ƙasan a kansa. Giwan ruwa ba ya watsuwa ko'ina. Nemi inda tudu ya yanke ya faɗa zurfi, da bayan dutse inda ƙarfin ruwa ke karyewa, da gindin kututture, da hancin tsibiri. Ba ka da na'urar duba zurfi, amma kana da darma da zare. Ƙulla alama a kowace gaba, ka riƙa sakawa kana aunawa, kana lura ko darmar dutse ta buga ko taɓo ta shige. Lokacin da ruwa ya ja baya sosai, kafin sabon ruwa ya cika tafkin, fita ka zagaya ko ba ka da niyyar kamu, ka haddace kowane dutse da kututturen da ya fito fili, ka daidaita shi da wata bishiya ko tsauni a bakin gaɓa. Wata uku gaba duk sun nutse, kifin kuma a jikinsu zai kwanta.

Ka taɓa haska idon giwan ruwa da tocila? Yana ƙyalli, saboda ido ne da aka yi don gani a duhu-duhu. Don haka farautarsa ta fi ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa magariba. Rana na take tsaka ya sauka ƙasa ya nemi inuwa. In ka ga warangi ko kawara suna tarwatsewa a saman ruwa, tsuntsaye na kai sura, akwai mai korarsu daga ƙasa; kashe inji tun daga nesa ka ƙarasa da filafili.

Ina kyautata zaton abin da ya hana ka cizo shi ne zurfi. Duba bakin ƙoton, akwai wani leɓen roba da ya fito gaba. Shi ke nutsar da shi in ana ja. Gajeren leɓe kamu biyu ko uku kawai yake shiga, dogo mai faɗi kuwa yana kai gaba biyu, uku, har fiye. Kifi na kwance a gaba huɗu, kai kana wuce da ƙoto a kamu biyu, ka zama mai kwaɗa sallama a ƙofar gida alhali maigidan yana gona. Ƙoto ya bi ta saman kan kifin kaɗan, ba ta ƙarƙashinsa ba, domin sama yake kallo in zai kai hari. Ni in ƙotona bai riƙa taɓa dutse jefi-jefi ba, na san ban kai inda ake yi ba. Za ka yi asarar wasu a kututture, wannan kuɗin makaranta ne, kowa ya biya. Amma akwai dabara: yawancin masu leɓen nan suna tasowa sama in an daina ja. Kana jin ya bugi itace ka saki zare, sai ya ja da baya ya taso da kansa. Fizga ita ke kafe ƙugiya a itace.

Masu nutsewa da kansu, irin cokali da kifin roba mai taushi da ake sa wa kan darma, da ƙirga ake sarrafa su. Ka jefa, yana taɓa ruwa ka fara ƙirga har zare ya saki, alamar ya kai ƙasa. In a goma sha biyu ya sauka, jefa na gaba ka fara naɗi a goma. Ka ga kana bin saman duwatsu ke nan ba tare da ka maƙale ba.

A babban ruwa irin namu, jan ƙoto a bayan jirgi ya fi jifa daga gaɓa riba. Saki zare mita 30 zuwa 40, jirgi na tafiya daidai saurin mai tafiya a ƙasa, kana bin layin da tudu ya faɗa zurfi. Idonka a kan bakin sanda. Muddin ƙoto na rawa, bakin sanda zai riƙa karkarwa a hankali. Ya tsaya cak, ciyawa ta naɗe ƙugiya, jawo ka cire.

Ita rawar nan kuwa ita ce asalin sana'ar. Wanda ya ƙago shahararren ƙoton Rapala, Lauri Rapala, talakan masunci ne a ƙasar Finlan. Ya daɗe yana kallon yadda manyan kifaye ke ratsa garken ƙanana su zaɓi guda ɗaya, mai rauni, wanda ke tafiya yana tangaɗi. A 1936 ya sassaƙa ɓawon itace mara nauyi da wuƙa, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya sami wannan tangaɗin. Abin da kake sayar wa kifi ke nan, rauni. Kada ka riƙa naɗi bai ɗaya. Naɗa sau uku ko huɗu, ka ɗan fizga da bakin sanda, ka tsaya numfashi ɗaya, ka ci gaba. A wannan tsayawar ake yawan ɗauka, don haka kada hankalinka ya tafi wani wuri a lokacin. Da hunturu, in sanyi ya kama ruwa, ƙara rage sauri ka tsawaita tsayawar.

To ga launin da ka tambaya, shi ma ruwa ne ke zaɓa maka. Ka san ruwa biyu Kwara ke kawo mana. Farin ruwa na damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman ƙasarmu ne da kogunan kusa irin su Rima ke kwasowa da laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau daga wajen Disamba. A baƙin ruwa kifi na gani sarai, sai ka ba shi abin da ya saba ci: fari mai ƙyallin azurfa da baya mai duhu irin kawara, ko mai launin ƙaramar karfasa, ka kuma jefa daga nesa. A farin ruwa ido ba ya aiki sosai, da layin nan na gefen jikinsa yake jin motsi. Nan sai ka ɗauko mai girgiza da ƙarfi, wanda in ka kaɗa a kunne kake jin ƙwayoyi na kacau-kacau a cikinsa, launi ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ko baƙi wuluk. Kuma gaskiya ɗaya ce, in ruwa ya yi kauri har ba ka ganin tafin hannunka a kamu ɗaya, karfasa mai rai da aka soka wa ƙugiya a gadon baya ta fi duk abin da ke cikin akwatin nan. Kada son sabon abu ya sa ka raina abin da iyayenmu suka ci da mu da shi; ranar da iyali ke jiran cefane, mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da ƙoto mai rai ne abin dogaro.

Tanar roba da kwaɗon roba na cikin ciyawa ne, an yi su yadda tsinin ƙugiya zai ɓuya a jikin robar. Gwada su a bakin fadama, kifin tufi kan kai musu hari. Cokali kuwa na kifin tsage ne, shi gudu yake so da ƙyalli. Sai dai haƙoransa suna datse zaren roba komai kaurinsa, dole ka sa waya taƙi ɗaya a gaba, da ɗan ƙarfen nan mai juyawa don kada cokali ya murɗe maka zare.

Ranar da babban ya ɗauka, birkin keken naɗi ne zai cece ka, kuma tun a gaɓa ake daidaita shi. Ja zaren da hannu: ya fita da ƙyar amma ba da gardama ba, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Kada ka ƙara matse shi don ka ga zare na ƙarewa, sa abokin tafiyarka ya bi kifin da jirgi. Gudunsa na farko dutse yake nufa, karkata sanda gefe ka juya masa kai. In ka ga zare na tasowa sama, tsalle zai yi ya wage baki ya girgiza kai, a nan yake tofar da ƙoto. Sunkuyar da bakin sanda zuwa ruwa, kada ka bar zare ya yi sako-sako. Kada ka kuskura ka naɗa tufkakken zare a hannu, yana yanka har ƙashi. Kada kuma ka tashi tsaye a ƙaramin jirgi kana kokawa da kifi, kuma rigar ruwa a jikinka take, ba a ƙarƙashin benci ba, ko da ka iya iyo.

Ya gaji ya kwanta a gefe, kada ka zura yatsu ta marfin kunnensa, ƙugiya kuma da filaya ake cire ta, don kifi na girgiza kai sau ɗaya baki ukun nan ya koma cikin hannunka, kuna nesa da asibiti. Wanda bai kai kamu ɗaya ba, jiƙa hannunka ka cire masa ƙugiya ka mayar da shi ruwa, bai kai haihuwa ba tukuna. Duk kifin da ka fitar, kafin ka sake jefawa ka bi zaren gaban nan da yatsu biyu daga ƙoto har ƙulli. Ka ji kaushi ko kaɗan, yanke ka sake ƙullawa.