Amsa ga mai son zuwa magangarar ruwa ta Assop a kan keke

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ku huɗu ne, kun saba tuƙa keke daga Katsina zuwa Daura ku dawo, yanzu kuna son zuwa Jos ku gangara har Assop. To ni na taɓa yi, kuma na ji jiki.

Wannan kilomita 80 ɗin na hanyar Daura kada ya rufe muku ido. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, birki sai akuya ta gitta ake tuna da shi. Jos kuwa tana kan tsauni, kusan mita 1,200 sama da teku, ruwan Assop kuma yana gindin tsaunin ne, kilomita 60 da ɗoriya daga cikin gari. Mun sa kekunan a mota har Jos, muka kwana, da sassafe muka bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a zuwa Riyom. Nan dai lafiya lau, sanyi ne kawai ya sa yatsu suka sandare.

Hawan Kibo, wato gangaren da titin ke saukowa daga tsaunin bayan an wuce Riyom, shi ne maganar. Kowa hawa yake tsoro, amma gangara ce ke kayar da mutum. Na riƙe birki ban saki ba, can sai na ji ƙaurin roba. Da na tsaya na taɓa ƙarfen taya, wallahi kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Ashe matsawa ake yi a saki, a sake matsawa, gaba da baya tare. Ga tireloli suna saukowa a bayanka, su ma da nasu birkin suke fama, ga kwana a kan kwana. Da zan koma yau, mota zan tara ta sauko da ni da keken, in hau a ƙasa. Ba ragwanci ba ne.

Daga bakin titi zuwa ruwan ba nisa, sai dai a ƙafa za ku ƙarasa, ku bar kekunan wurin masu kula da ƙofa. Kada wanda ya sa silifa. Duwatsun da feshin ruwa ke taɓawa duk gansakuka ce, santsinta ya fi na kuɓewa. Abokin tafiyata ya taka ɗaya yana ɗaukar hoto, sai ga shi zaune cikin ruwa, waya ta tafi. Mun yi ta dariya, amma da kansa ne ya bugu da labarin ya canza. Wanka kuma, mu da iyonmu bai wuce na kududdufin damina ba, a tsaya inda ruwa bai haura gwiwa ba.

Ku je ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. A Agusta ruwan ya yi ƙarfi kuma ya yi ja, a bazara ya ragu sosai. Ku riƙe famfo da kayan faci da sabuwar robar birki, da rigar sanyi mai kauri.

Batun tsaro, yankin Riyom yakan samu tashin hankali lokaci-lokaci. Kwana ɗaya kafin ku tashi ku tambayi direbobin da ke bin hanyar, kuma la'asar ta same ku a hanyar komawa. Mu mun yi jinkiri, magariba ta riske mu a gindin hawan, sai wani mai motar dankali ne ya kwaso mu da kekunan zuwa Bukuru.