Hajiya ta rame, ƙafafunta suna mutuwa: tsufa ne ko ƙarancin bitamin?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 74, muna Aboabo a Kumasi. Ta daɗe tana shan metformin saboda ciwon sukari. Bana ta rame, tana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta, in ta idar da sallah ba ta iya miƙewa daga darduma sai an kama ta. Abincinta bai wuce koko da shayi ba. Na saya mata maganin ƙarin jini, shiru. Tsufa ne kawai?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki yarda a ce tsufa ne a naɗe hannu. Akwai raunin da likitoci ke ganewa da alamu biyar: rama ba dalili, yawan kasala, sanyin riƙo, tafiyar hawainiya, da raguwar kai-komo. Mai uku daga ciki ya shiga haɗarin faɗuwa da doguwar jinya, amma sau da yawa ana iya farfaɗo da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bitamin B12. Jijiyoyi da jini duka sun dogara da shi, kuma a abincin dabba ake samunsa: hanta, kifi, ƙwai, nama, nono. Koko ba shi da shi. Ga kuma cikin tsoho, ruwan tsamin da ke ɓanɓaro bitamin ɗin daga abinci ya ragu. Metformin, in an yi shekaru ana sha, yana ƙara tauye shigarsa jiki, haka ma magungunan gyambon ciki irin su omeprazole. Hanta tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke zuwa a ɓoye. Sai ki ga ƙafa ta mutu, takalmi ya zame ba a sani ba, ana tangaɗi a duhu, ga mantuwa. Sukarin kansa yana lalata jijiyar ƙafa, don haka gwajin jini ne zai raba gardama.

Maganin ƙarin jinin nan ina tsoronsa. Da yawan irinsa suna ɗauke da folik asid, wani bitamin da ke gyara jini a takardar gwaji alhali jijiya na ci gaba da lalacewa, kuma in lalacewar ta daɗe ba lalle ta warke ba.

Kasa miƙewa kuwa yana iya zama ƙarancin bitamin D, wanda fata ke sarrafawa in hasken rana ya taɓa ta. Ranar Kumasi ba ta amfanin wanda ya yini a ɗaki, fatar tsoho ba ta sarrafa shi sosai. Wanda ya haura 70 yana buƙatar maikirogiram 20 a rana. Wuce gona da iri yana tara kalsiyam ya taɓa ƙoda.

Ki kai ta asibiti cikin makon nan da duk magungunanta a leda. A auna jini, B12, ƙoda da sukari, a kuma bincika dalilin ramar, domin wasu cututtuka da rama suke sallama. In ta kama, za a tura ku babban asibitin Komfo Anokye. Masu shekara 70 zuwa sama an yafe musu kuɗin firimiya na NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa, ki sabunta katinta. Kada ta daina metformin da kanta. In B12 ya yi ƙasa, allura ko ƙwaya mai ƙarfi ake bayarwa.

A gida, ki duba bakinta. Tsofaffi da yawa sun bar nama ne don haƙori, kunya ta hana su faɗa. A daka busasshen kifi a miyar ayoyo, a dafa ƙwai, a niƙa hanta, a haɗa mata koko da ƙosai, a ba ta wagashi mai laushi. Da hantsi ta fito tsakar gida ta sha rana, ta riƙa tashi da zama a kan kujera mai ƙwari sau goma, ke kina tsaye kusa da ita.