Tambayoyin Masu Karatu: Ɗana ya gama sakandare amma lissafi ya tare masa hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce bai samu kiredit a lissafi ba, yanzu yana koyon walda a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna. Ƙanena da ke Amurka ya ce can akwai kwalejojin al'umma masu karɓar irinsa. Shin muna da irinsu a Kaduna? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ƙanenki ya faɗa. Irin waɗannan kwalejoji sun daɗe a Amurka, domin ta garin Joliyet da ke jihar Ilinoyi tun 1901 aka buɗe ta. Karatun shekara biyu ake yi, kuɗinsu bai kai na jami'a ba, kuma mafi yawansu suna karɓar duk wanda ya gama sakandare. Wanda lissafinsa ya yi rauni sai a fara ba shi darussan share fage, wanda yake aiki da rana kuma ya zo ajin dare, idan ya gama yana iya wucewa jami'a ya ƙarasa digiri.

A nan mafi kusa da su ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, wadda asalinta ya koma 1956, babbar harabarta kuma tana Tudun Wada, ba nisa da inda ɗanki yake riƙe ƙarfe. Sai dai shiga difloma a fannin kimiyya da fasaha yana buƙatar kiredit a lissafi, kuma a nan ne 'ya'yan Rigasa, Unguwar Mu'azu da Hayin Banki suke maƙalewa, yaran da suka fito daga ajin da ɗalibai suka cika maƙil, wasu a zaune a ƙasa. A ganina wannan giɓi ne babba, musamman tunda masaƙun Kakuri da suka saba kwashe matasa suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Shawarata ita ce kada ki raba shi da walda. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana da tsarin NSQ da ake gwada gwanintar mai sana'a a bakin aikinsa a ba shi takardar shaida, kuma Kadpoly ta yi irin wannan aiki da masu sana'ar Panteka, don haka ya tambayi maigidansa ko shugabannin ƙungiyarsu. A gefe guda ya nemi darasin yamma na lissafi kaɗai, ya sake zana jarrabawar WAEC, NECO ko NABTEB ta masu zaman kansu, tunda makarantu da yawa suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Kafin ki biya ko sisi a wata makarantar kuɗi mai alkawarin difloma, ki tabbatar NBTE ta amince da kwas ɗin da za a koya masa.